Yadda Zaka Goge Sikirin ɗin Mota da Dashbod Ba Tare da Ka Lalata Su Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Gaskiya abin da ya sa na zauna na tattara tambayoyin nan shi ne, yawancin sikirin ɗin motar, wato allon taɓawa da ke jikin dashbod, da na gani ya lalace ba datti ne ya lalata shi ba, gogewa ce. Mutum yana son motarsa, ya ga shatin yatsu a jikin allon, ya jawo tishu ko bakin rigarsa ya dirje, kafin shekara ta zagayo sai ka ga allon ya yi hazo-hazo, in rana ta haska shi ko taswira baka iya gani. Abin yana min ciwo saboda kare shi baya da wahala ko kaɗan, amma in ya lalace gyaransa ba ƙaramin aiki bane.

Ai duk gilashi ne, me ya sa ba zan goge shi kaman yadda nake goge gilashin taga ba?

Ba ɗaya bane wallahi. Gilashin taga tsurar gilashi ne, shi kuwa sikirin akwai wani siririn shafe da kamfani ke yi masa a sama wanda ido baya gani. Wani shafen aikinsa rage ƙyallin rana don ka iya karanta abin da ke jiki da tsakar rana, wani kuma aikinsa hana maiƙon yatsa kamawa sosai. Shafen nan siriri ne ƙwarai, kuma ruwan goge gilashi da yawa suna ɗauke da amoniya, ita kuma amoniya cin shafen take a hankali. Ba rana ɗaya zaka gani ba, shi ya sa mutane basa gane laifin ruwan ne. Yau ka fesa ka ga ya yi fes, gobe ma haka, sai wata rana ka lura tsakiyar allon inda aka fi dirzawa launinsa ya bambanta da gefe, ya yi dabbare-dabbare kaman fentin da ya fara ɓarewa.

Sannan ba kowane sikirin ne gilashi ba ma. Tsofaffin motoci da yawa nasu irin wanda sai ka ɗan danna da ƙarfi yake amsawa ne, har da farce ko safar hannu yana aiki, to wannan samansa roba ce mai laushi, ta fi saurin karcewa nesa ba kusa ba. Na yanzu irin na wayar hannu ne, taɓawa kaɗan ya amsa, shi ne mai gilashi. Tun 1986 Buick Riviera ta fito da allon taɓawa a Amurka, ɗan ƙarami, amma da Tesla Model S ta zo a 2012 da nata mai inci 17 sai abin ya koma gasa, yanzu akwai motocin da esi da rediyo da kyamarar baya duk a cikin allon suke. Ka ga kenan in ya samu matsala ba waƙa kawai ka rasa ba.

To da me zan goge?

Ƙyallen maikurofaiba, mai tsafta, mai laushi, guda biyu. Shi kenan. Ɗaya na jiƙawa ɗaya na busarwa. Zarensa na foliyesta da nailan ne da aka tsattsaga siriri sosai, shi ya sa yake ɗauke ƙura da maiƙo ya riƙe a jikinsa maimakon ya tura su gaba. Irin ɗan ƙyallen da ake goge tabarau da shi ma yana yi. Abin da zan roƙe ka dan Allah, ƙyallen sikirin ya zama na sikirin ne kaɗai, kar wanda ka goge dashbod ko ƙofa ko taya da shi ya kusanci allon, ko da kuwa ka wanke shi. Ni nawa launinsa daban na saya, kuma a cikin 'yar jaka mai zif yake zama don kar ya kwashi ƙura tun kafin a yi aiki da shi.

Yaya ake yin gogewar kanta?

Nan ne fa duk maganar take. Ka fara ajiye motar a inuwa ta huce, sikirin mai zafi yana busar da ruwa nan take ya bar zane-zane. Ka kashe allon, in ya yi baƙi sai ka fi ganin inda dattin yake.

Kafin ka goge, cire ƙurar tukuna. Mutane a nan suke faɗuwa. Ƙurar da ke zama a mota akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, shi kuma yashi yawancinsa ma'adinin kwaz ne, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs mai hawa 10 yana kan 7, gilashi kuwa bai fi 5 da rabi zuwa 6 ba. Ma'ana ƙwayar yashi ta fi gilashin tauri. In ka ɗora ƙyalle a kan ƙura ka danna ka ja, to kaman ka sa sanfefa ne. Don haka ka samu buroshi mai laushi sosai, irin na kwalliya ko na goge kyamara, ka kaɗe ƙurar a hankali, ko ka ninke busasshen ƙyallen ka shafa sama-sama ba tare da dannawa ba ko kaɗan.

Bayan nan ka ɗan fesa ruwa a jikin ƙyallen, ba a jikin allon ba. Damshi kawai ake so, in ka matse shi kar ɗigo ko ɗaya ya fito. Ka ja daga gefe zuwa gefe a miƙe, layi bayan layi, hannunka sakayau. In akwai wani tabo da ya ƙi fita kar ka ƙara ƙarfi kuma kar ka sa farce, ɗora damshin ƙyallen a wurin na 'yan daƙiƙu ya jiƙa sai ka sake ja. Daga ƙarshe busasshen ya bi baya. Duka-duka bai kai minti biyu ba.

Na taɓa riƙe tocila a gefen allon motar wani abokina da daddare don in nuna masa abin da nake faɗa, da hasken ya kwanta a jikin allon sai ga ƙananan karce zagaye-zagaye cike da shi kaman saƙar gizo, daidai yadda hannunsa ke juyawa in yana gogewa da hankici kullum da safe. Da rana shi bai taɓa ganinsu ba, kawai dai yana cewa allon ya rage haske. Ya yi shiru ya daɗe yana kallo.

Me ya sa ake ta nanata kar a fesa kai tsaye?

Saboda ruwa gangarowa yake. Ya bi ƙasan allon ya shige ta tsagar da ke tsakaninsa da firam ɗin, a can ciki kuma wayoyi ne da maɓallai. Wani lokaci sai ka ga gefen allon ya yi tabo daga ciki wanda ba ƙyallen da zai kai wurin, wani lokaci kuma wani ɓangaren ya daina amsa taɓawa.

Ruwan famfo yana yi, ko sai wani na musamman?

In sau ɗaya ne babu abin da zai faru. Amma ruwan famfo da na rijiya suna da gishiri-gishirin ma'adinai da in sun bushe suke barin farin tabo, sai ka koma gogewa, yawan gogewar kuma shi muke gudu. Tataccen ruwa wanda aka turara aka tace ya fi, irin wanda ake ƙara wa batir ko dutsen guga. Sai dai a kula sosai, akwai ruwan batir mai asid a ciki, wannan ko kusa, karanta jikin robar ka tabbatar tsurar ruwa ne. In maiƙon ya yi yawa ruwa kaɗai ya kasa, akwai ruwan goge sikirin da ake sayarwa wanda aka rubuta ba amoniya ba barasa a ciki.

Sanitaiza ko sipirit fa? Ina so in kashe ƙwayoyin cuta.

Wannan ita ce tambayar da amsarta ba ɗaya ba ce ga kowa. Tun lokacin korona a 2020 mutane suka saba goge komai da sinadarin barasa, har Apple ta fito ta ce ana iya goge allon wayoyinta da barasar isofurofil mai kashi 70. To amma motarka ba wayar Apple ba ce, kamfanonin mota sun sha bamban, wani ya yarda da shi a ɗan jiƙa ƙyalle, wani kuma ya hana ƙememe. Buɗe littafin motarka ka duba sashen kula da cikin mota, abin da suka ce shi ne hukunci. In baka da littafin ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta.

Ra'ayina ni dai, kar ya zama na kullum. In mara lafiya ya shiga motar ka goge sau ɗaya, ba laifi in littafin bai hana ba. Amma sanitaizar hannu kam a'a, musamman mai kauri, saboda ban da barasar akwai gilisarin da turare a ciki, sai ta bar danƙo. Kuma in ka shafa a hannunka ka bari ya bushe kafin ka kama sitiyari ko ka taɓa allon, tana cin fentin fatar sitiyari a hankali.

Waɗanne abubuwa ne kwata-kwata ba a kusantar da su?

Fetur, kananzir, tina, ruwan cire jan farce mai asiton, bilic, garin wanki, da sabulun wanke banɗaki. Asiton da tina narkar da roba suke, ɗigo ɗaya ya isa ya bar farin tabon da har abada ba zai fita ba. Bilic yana kashe launi. Haka nan farin soson nan na melamin da ake cewa yana goge komai, yana gogewa ɗin kam amma ta hanyar kankare saman abu yake yi, a kan sikirin ko baƙar roba mai sheƙi ɓarna ce zalla. Ruwan tsami irin binega ma ni bana ba da shawararsa a kan allo.

Tishu ko wayif ɗin jarirai fa, ai suna da laushi?

Tishu daga itace ake yinsa, a hannu yana da laushi amma a kan shafen allo yana da kaushi, ga shi yana barin gashi-gashi. Wayif ɗin jarirai kuma an yi shi ne don fata, akwai man laushi a jiki, kana gogewa yana barin yauƙi da zai jawo sabuwar ƙura. Bakin riga shi ne mafi muni don duk ƙurar da ka yini kana kwasa tana jiki.

In ina gogewa sai ya yi ta danne-danne yana canza min abubuwa.

Ka kashe shi, ko ka kashe motar gaba ɗaya. Irin allon da ke aiki kaman na waya, damshi ma kansa yana ɗaukarsa a matsayin yatsa. Wasu motocin suna da wurin kulle allon don gogewa, Tesla misali tana da shi a cikin saitin allo, sai ya yi duhu ya daina amsawa har ka gama. Kuma dan Allah kar a goge ana tuƙi, ko a danja ne.

Nawa ya riga ya yi dabbare-dabbare, akwai gyara?

In shafen ne ya ɓare, baya dawowa, gara in faɗa maka gaskiya. Abin da ya rage shi ne ko ka manna masa kariya mara sheƙi wadda zata ɓoye yawancin tabon, ko a canza gilashin saman in irin wanda ake iya rabawa ne, ko a canza allon duka. Wasu suna goge ragowar shafen gaba ɗaya don launin ya zama ɗaya, yana yin kyau a ido amma daga nan rana zata riƙa kashe maka ido, kuma in hannun bai ƙware ba sai a ƙara ɓatawa. Man goge baki da ake cewa yana cire karce, kar ka gwada.

In kuwa kumfa-kumfa ka gani a gefen allon daga ciki, kaman ruwa ya shiga, sau da yawa wannan gam ɗin da ya haɗa gilashin da allon ne zafi ya sa ya saki. Ba gogewa ce zata magance shi ba. In motar tana da garanti ka kai musu kafin kowa ya buɗe.

Kariyar sikirin tana da amfani?

Tana da shi, musamman in yara na shiga motar ko kana sa zobe. Ka nemi wadda aka yanka daidai da motarka, ka manna bayan ka goge tas a wurin da ba ƙura. Abu ɗaya dai, 9H ɗin da suke rubutawa a kwali ma'aunin taurin fensir ne, ba na Mohs ba, don haka yashi yana karce ta ita ma. Amfaninta ita ce zata karce a madadin allon, ka ɓare ka sa wata.

To dashbod ɗin kansa fa?

Shi ya fi haƙuri amma ƙa'idar ɗaya ce, ƙura tukuna. In kana da injin zuƙe ƙura ka sa masa bakin buroshi, in babu busasshen maikurofaiba ya wadatar. Sai ka samu ruwa mai ɗan ɗumi ka ɗiga sabulun ruwa mara ƙarfi kaɗan, ko ruwan goge cikin mota, ka jiƙa ƙyalle ka matse sosai ka bi shi ɓangare-ɓangare, ka sake bi da ƙyallen ruwa zalla don sabulun ya fita, sannan ka busar. Dashbod mai gurza-gurza datti na maƙalewa a cikin ramukan, buroshi mai laushi ne ke fito da shi, ba ƙarfi ba. Duk wani sabon ruwa da zaka gwada, fara ɗiga shi a ɓoyayyen wuri kaman can ƙasan sitiyari ka ga ko launi zai canza. In dashbod ɗinka an lulluɓe shi da fata ne to ruwan goge fata zaka nema, kuma kar ka jiƙa wurin ɗinkin.

Ina son ya riƙa sheƙi, wane folish ne mai kyau?

Nan kam zan ɗan saɓa maka. Kamfani da gangan ya yi saman dashbod dusu-dusu, saboda in yana sheƙi hotonsa na faɗawa kan gilashin gaba ya kare maka hanya, musamman in kana fuskantar rana da safe ko da yamma. Na taɓa karɓar motata daga wurin wanki an laɓta mata man sheƙi ban ce a sa ba, ina hawa titi rana ta daki dashbod ɗin, wallahi ramukan esi nake gani a jikin gilashi sun fi motar gabana fitowa, dole na gangara gefe na goge shi kafin na ci gaba. Hankalina ya tashi ranar sosai don da iyalina a ciki.

Ga shi irin man nan mai silikon yana kama ƙura, kuma in zafi ya buga shi yana tashi ya bar hazo a cikin gilashi. In kana son kariya daga rana ka nemi wanda ba ya sheƙi, mai ruwa-ruwa ba mai maiƙo ba, ka zuba a ƙyalle ka shafa ka goge ragowar. Kuma ko wane iri ne kar ya taɓa sitiyari, giya, birki, totur ko kuloci, santsi a waɗannan wuraren ganganci ne da rai.

Baƙar robar nan mai sheƙi da gilashin mita, su ma haka?

Su ma sun fi sikirin ɗin rauni. Murfin mita ba gilashi bane, roba ce mai haske, ita da baƙar robar da ke kewaye da giya kallon banza ma kaman karce su yake. Kar ka taɓa goge su a bushe da ƙura a kai. Kaɗe, jiƙa, ja sau ɗaya a hankali. In motarka na da na'urar da ke hasko gudu a jikin gilashin gaba, ramin da take ciki a saman dashbod shi ma haka zaka bi da shi, kar ruwa ya shiga.

Ramukan esi da tsakanin maɓallai fa?

Ƙaramin buroshin fenti sabo mai laushi, kana kaɗewa injin zuƙa na kusa yana kwashewa. Auduga mai tsinke da ɗan damshi tana shiga lungu. Hura iska mai ƙarfi tura ƙurar ciki kawai take, anjima ka kunna esi ta dawo maka. In ka ga kana gogewa ƙura na dawowa da wuri, duba matatar iskar cikin mota, a motoci da yawa tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Akwai kuma wani ɗan ƙullutu a saman dashbod kusa da gilashi, sensa ce ta hasken rana da esi ko fitilu ke aiki da ita, kar ka shafe ta da mai kuma kar ka rufe ta.

Dashbod ɗina ya fara danƙo yana tsagewa, datti ne?

Yawanci ba datti bane, rana ce. Wani bincike da aka yi a jihar Arizona ta Amurka aka fitar a 2018 ya nuna motar da ta yi awa ɗaya ajiye rana na dukanta dashbod ɗinta na kaiwa kusan digiri 70 a ma'aunin Selsiyas. Shekara da shekaru a haka robar sai ta fara sakin jiki. In ta fara danƙo, dirza ƙara ɓata ta yake. Ka goge a hankali da ruwan sabulu, ka riƙa sa abin tare rana a gilashin gaba, ka nemi inuwa. In zaka shimfiɗa masa murfi ka tabbatar wanda aka yi don motarka ne mai tsaga a wurin jakar iska ta fasinja, kuma kar ka manna komai da gam a kan wurin, don in ta tashi fashewa duk abin da ke kai fuskar mutum zai nufa.

Wani tabo ya fito a ƙasan inda nake rataye turaren mota.

Ruwan turaren ne ya ɗiga, akwai sinadarai a cikinsa masu narkar da fentin roba. Duk lokacin da ya zuba ka ɗauke shi nan take da damshin ƙyalle, dangwalawa zaka yi ba ja ba. Man korar sauro mai sinadarin DEET shi ma cin roba yake, man kare fata daga rana kuma yana barin farin shati a ƙofa da sitiyari, don haka ka goge hannunka kafin ka shiga.

Sau nawa ya kamata in riƙa yi, kuma in bar wa masu wankin mota?

Kaɗe ƙura duk lokacin da ka ga ta taru, gogewa da damshi kuwa sau ɗaya a sati ko sati biyu ya isa, dashbod sau ɗaya a wata. Masu wanki suna ƙoƙari, sai dai tsumma ɗaya na iya zagaya mota goma, daga bodi ya shiga ciki. Ni ina ce musu da ladabi su bar min allo da mita zan yi da kaina, ko in miƙa musu nawa ƙyallen, ban taɓa samun wanda ya ji haushi ba.

Shi ƙyallen yaya zan wanke shi?

Shi kaɗai ko da 'yan uwansa, kar ka haɗa shi da tawul ko kayan auduga don zai kwashe gashinsu. Sabulun ruwa kaɗan, ruwa mai ɗumi, a ɗauraye sosai. Banda ruwan laushin kaya, toshe zaren yake sai ƙyallen ya koma shafa maiƙo maimakon ɗauka, banda bilic, banda guga don zafi na narkar da zaren. Ka shanya shi a inda ƙura ba zata same shi ba. In ya faɗi ƙasa kar ya koma kan allo sai an wanke, in kuma ka shafa shi a bayan hannunka ka ji ya fara kaushi to ka mayar da shi na goge ƙofa, ka sayo wa sikirin sabo.